Gidan Tarihin Besbol na Cooperstown da Masu Tsaron Bayan Fili

A cikin wani akwatin gilashi a gidan tarihin besbol da ke Cooperstown, a jihar Niyok ta Amurka, akwai wata tsohuwar safar fata wadda in ba don rubutun da aka ajiye kusa da ita ba, da wuya wani ya dube ta sau biyu. Ita ce safar da Willie Mays, ɗan wasan ƙungiyar New York Giants, yake sanye da ita ranar 29 ga Satumba, 1954, lokacin da ya yi kamun ƙwallon da ya fi kowane kamu suna a tarihin wasan. Na daɗe a tsaye a gabanta, kuma a nan ne na gane abin da wannan gida ya ƙware a kai da abin da ya gagare shi. Ya iya adana kayan da ɗan wasa ya riƙe da hannunsa, ya iya lissafa abin da ya buga da sanda, amma gudun da mai tsaron bayan fili ya yi da jifan da ya biyo baya, waɗanda su ne rabin sana'arsa, ba sa shiga akwatin gilashi. Da wannan ma'auni na zagaya gidan, da shi kuma zan auna shi a nan.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙungiyar da ke tsaro tana da mutum tara a fili. Shida suna kusa da zanguna huɗun da masu gudu ke zagayawa, waɗanda tsakanin kowane biyu ƙafa 90 ce, sauran ukun kuma suna can nesa a kan ciyawa, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama. Waɗannan ukun su ne masu tsaron bayan fili. Aikinsu shi ne su cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, wanda hakan yake fitar da mai bugu nan take, ko kuma idan ta riga ta sauka su tsince ta su jefo ta ciki kafin mai gudu ya ƙara zango. Na tsakiya shi ake so ya fi kowa sauri, domin rabonsa na fili ya fi faɗi, na dama kuwa shi ake so ya fi ƙarfin dantse, domin jifa daga wurinsa zuwa zango na uku shi ne mafi nisa. Idan ƙungiyarsu ta koma bugu, su ma suna ɗaukar sanda kamar kowa, kuma bisa al'ada a kansu ake ɗora nauyin buga ƙwallo mai nisa.

Cikakken sunan wurin shi ne National Baseball Hall of Fame and Museum, wato zauren gwanaye da gidan adana kayan tarihi a haɗe. Ba mallakar hukumar babbar gasar besbol ba ne. Gidauniya ce mai zaman kanta wadda attajirin garin, Stephen Carlton Clark, ya assasa, kuma har yanzu zuri'arsa ce ke jagorantar hukumar gudanarwarta. An zaɓi gwanaye biyar na farko a 1936, aka buɗe ginin ranar 12 ga Yuni, 1939. Dalilin da ya sa aka kafa shi a wannan ƙaramin gari, wanda mazaunansa ba su kai 2,000 ba, shi ne wani labari da wani kwamiti ya amince da shi a farkon ƙarni na ashirin, cewa wai Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan a nan a 1839. Masana tarihi sun daɗe da rushe wannan labari, domin a wannan shekara Doubleday yana makarantar soja ta West Point, kuma abin yabo ne cewa gidan da kansa ba ya ɓoye hakan ga baƙinsa. Garin yana bakin tafkin Otsego, tafiyar kimanin awa huɗu a mota daga birnin Niyok, jirgin ƙasa na fasinja kuma ba ya zuwa, saboda haka duk wanda aka gani a ƙofar, da niyya ya zo.

Ginin hawa uku ne, kuma tsarin da ake ba baƙo shawarar ya bi yana da hikima: a fara daga hawa na biyu inda aka jera tarihin wasan daga ƙarni na goma sha tara zuwa yau, a hau na uku inda ake da filayen wasa da bajintocin da aka kafa da gasannin ƙarshen kaka, sannan a sauko ƙasa a ƙare a zauren allunan tagulla. Ta haka mutum yana isa gaban allunan ne bayan ya riga ya san mutanen da ke kansu. Kayan da gidan ya mallaka sun haura 40,000, ban da takardun ɗakin karatu da suka kai kimanin miliyan uku, kuma kaɗan ne daga cikinsu ake fitarwa a lokaci guda. Rubuce-rubucen bayani gajeru ne, ba su da ƙaƙale, hasken kuma an daidaita shi yadda tsofaffin riguna na ulu ba za su koɗe ba. A fannin tsafta da tsari ba ni da ta cewa.

Masu tsaron bayan fili ba su yi ƙaranci a gidan ba ko kaɗan. Biyu daga cikin biyar na farko, Ty Cobb da Babe Ruth, a bayan fili suka yi yawancin rayuwarsu ta wasa, kuma Cobb ne ya fi kowa ƙuri'a a wannan zaɓe, da 222 cikin 226. 'Yan wasa biyun da aka ware wa sashe na dindindin su kaɗai, Ruth da Hank Aaron, dukansu masu tsaron dama ne. Sai dai baƙo zai iya zagaye sassan nan biyu ya fita bai lura da inda suke tsayawa idan ƙungiyarsu tana tsaro ba. Ruth shi ne mai homran 714, wato bugun da ke tsallake katanga ya kai mutum gida kai tsaye, Aaron kuma shi ne wanda ya wuce shi ranar 8 ga Afrilu, 1974, ya ƙare da 755. Sashen Aaron yana cikin mafi kyau a ginin, domin ya faro daga yarintarsa a Mobile ta jihar Alabama a zamanin wariyar launin fata, ya bi ta gasar baƙaƙen fata, ya kuma taɓo ƙiyayyar da ya sha lokacin da yake dab da kamo Ruth. Amma Aaron ya ci kyautar Safar Zinariya har sau uku, wadda ake ba wa wanda ya fi kowa iya tsaro a matsayinsa, kuma wannan ɓangare na aikinsa a bayan sandarsa ya ɓuya.

Mu koma kan safar Mays, domin labarinta ya fi nuna matsalar. Wasan farko ne na gasar World Series, wato jerin wasannin ƙarshen kaka da ke fitar da zakara, tsakanin New York Giants da Cleveland Indians, ƙungiyar da ta ci wasa 111 a wannan kaka, a filin Polo Grounds wanda tsakiyarsa ta yi zurfin da babu irinsa, har ƙafa 483. A turmi na takwas ana biyu da biyu, Cleveland tana da mutum biyu a kan zango kuma ba a fitar da kowa ba, sai Vic Wertz ya narka wa ƙwallo bugun da a kusan kowane fili da ta tsallake katanga. Mays ya juya wa mai bugu baya ya sheƙa da gudu, ya cafe ta ta saman kafaɗarsa a nisan da ya haura ƙafa 400, sannan ya yi juyi ɗaya ya wurgo ta ciki har hularsa ta faɗi shi ma ya kife. Wannan jifa ne ya hana Larry Doby, wanda ke zango na biyu, wuce zango na uku. Giants ta ci wasan a turmi na goma, ta kuma cinye gasar ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba. Mays da kansa ya sha cewa jifan ya fi kamun muhimmanci. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, to amma a cikin akwatin zomon kawai ake gani. Safar ma ƙarama ce idan aka gwada ta da na yau, waɗanda doka ta yarda su kai inci 13, kuma wannan shi ne darasi ɗaya da idon baƙo zai iya ɗauka da kansa: yawancin aikin ƙafa ce da ido suka yi shi. Da a ce an zana wa baƙo nisan gudun a ƙasa, a wani dogon baranda ko a farfajiya, ya taka shi da ƙafarsa, da ya fita da abin da rubutu ba zai ba shi ba.

Ɗan wasan da na fi bibiya a zagayen nawa shi ne Roberto Clemente, kuma gidan ya sauƙaƙa hakan, domin tun daga zauren shiga mutum yake cin karo da mutum-mutuminsa na tagulla tare da na wasu gwanaye biyu, Lou Gehrig da Jackie Robinson. An haife shi ranar 18 ga Agusta, 1934, a Carolina ta tsibirin Puerto Rico. Brooklyn Dodgers ce ta fara ɗaukarsa a 1954 da ladan sa hannu na dala 10,000, ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta da ke Montreal ta Kanada, inda ba a cika sa shi wasa ba. Dokar wancan lokaci ta ce duk wanda aka ba ladan da ya haura dala 4,000 kuma ba a ajiye shi a babbar ƙungiya ba, wata ƙungiya tana iya ɗauke shi a ƙarshen kaka. Pittsburgh Pirates, wadda ta ƙare a ƙasan tebur don haka ita ce da zaɓin farko, ta ɗauke shi a kan dala 4,000, kuma a nan ya yi kakanni 18 daga 1955 zuwa 1972. Shekarunsa biyar na farko ba su nuna abin da zai zama ba, ga ciwon baya da ya samu a haɗarin mota yana damunsa, ga 'yan jarida suna rubuta Turancinsa yadda ya furta shi don a yi dariya, suna kuma kiransa Bob, sunan da bai taɓa so ba. Daga 1960 kuwa, in ban da kakar 1968, bai sake yin ƙasa da bugun tsira 300 cikin kowane 1,000 ba, wato bugun da ke kai mutum zango lafiya. Ya zama zakaran bugu na gasar National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na babbar gasa, a 1961, 1964, 1965 da 1967, ya zama gwarzon ɗan wasa a 1966, ya kuma ci Safar Zinariya sau goma sha biyu a jere, adadin da Mays kaɗai ya kai a cikin masu tsaron bayan fili.

Sashen da aka keɓe wa besbol na ƙasashen Latin Amurka, wanda aka buɗe a 2009 kuma aka rubuta bayanansa da Turanci da Sifaniyanci, shi ne ya fi ba Clemente haƙƙinsa a matsayin mutum. A nan ne baƙo yake fahimtar dalilin da ya sa bayan wasa na bakwai na World Series ta 1971, wanda Pirates ta ci Baltimore Orioles biyu da ɗaya kuma shi ya buga homran a ciki, ya fara magana da Sifaniyanci a talabijin yana neman albarkar iyayensa kafin ya koma Turanci. A nan ne kuma ake gane nauyin ƙarshensa. Ya cika bugun tsira na 3,000 ranar 30 ga Satumba, 1972, a gaban 'yan kallo 13,117 kacal, kuma shi ne na ƙarshe da ya yi a kakar yau da kullum. Girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nikaraguwa, ranar 23 ga Disamba, shi kuma ya jagoranci tara kayan agaji, da ya ji cewa sojojin gwamnatin Somoza suna karkatar da kayan sai ya yanke shawarar raka jirgi na gaba da kansa. Jirgin, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga San Juan a daren 31 ga Disamba, ba a kuma ga gawarsa ba. Yana da shekara 38. A watan Maris na 1973 aka yi zaɓe na musamman, aka ɗage masa jiran shekara biyar da ake yi kafin a zaɓi ɗan wasa cikin zauren gwanaye, ya zama haifaffen Latin Amurka na farko da aka zaɓa.

Allonsa na tagulla yana da nasa tarihin. Na farko an rubuta sunansa Roberto Walker Clemente, bisa tsarin Turawa, alhali a al'adar masu jin Sifaniyanci sunan dangin uwa ne ke zuwa a ƙarshe. Sai a shekarar 2000 aka sake zuba shi aka mayar da shi Roberto Clemente Walker. Shekara ashirin da bakwai ta yi yawa ga gyaran sunan mutumin da ya yi rayuwarsa yana faɗa a kan a kira shi da sunansa, amma an gyara, kuma na lissafa hakan a cikin alheran gidan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabon kalmomin da ke kan allon. Akwai bugu 3,000, akwai zakaran bugu sau huɗu, akwai matsakaicin .317, wato bugun tsira 317 cikin kowane 1,000, da homran 240, akwai bugun tsira a dukkan wasanni 14 da ya buga a World Series. Tsaro kuwa jimla ɗaya ya samu, wadda ta yabi ƙarfin dantsensa ta kuma ce ya jagoranci masu tsaron bayan fili sau biyar wajen jifan da ke fitar da mai gudu. Wannan lissafi gaskiya ne, amma yana da naƙasu da duk mai bin wasan ya sani. Idan mai tsaron dama ya yi suna da jifa, masu gudu suna daina gwada shi, sai su tsaya a zango na biyu maimakon su nufi na uku, adadin mutanen da yake fitarwa ya ragu a daidai lokacin da amfaninsa ya fi yawa. Zangon da aka fasa nema saboda tsoron hannun Clemente ba ya cikin kowane littafi na zamaninsa, don haka ba ya kan tagulla.

Wannan karkata ba ta tsaya a kan rubutu ba, ta kai ga wanda ake bari ya shiga zauren. Ƙungiyar marubuta labarin besbol ce ke yin babban zaɓen, kuma ƙa'idar ita ce ɗan wasa ya yi aƙalla kakanni goma a babbar gasa, ya yi shekara biyar da ritaya, ya kuma samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'u. Wanda ya gaza samun kashi 5 ana cire sunansa. Kenny Lofton, mai tsaron tsakiya da ya ci Safar Zinariya huɗu ya kuma saci zango fiye da 600, wato ya ruga zango na gaba ba tare da jiran bugu ba, ya samu kashi 3.2 a 2013 aka cire shi a shekarar farko. Jim Edmonds mai Safar Zinariya takwas ya samu kashi 2.5 a 2016, shi ma haka. Andruw Jones, wanda ya ci goma a jere a Atlanta kuma mutane da yawa suke ganin ba a yi mai tsaron tsakiya kamarsa a zamaninsa ba, da kashi 7.3 ya fara a 2018, da ƙyar ya tsira daga cirewa, ƙuri'unsa kuma sai da suka yi shekaru suna hawa a hankali. Masu tsaron cikin fili irin su Ozzie Smith da Bill Mazeroski sun shiga ne musamman don safarsu, amma mai tsaron bayan fili kusan kullum sai sandarsa ta yi masa jagora. Gidan ba shi ke kaɗa ƙuri'a ba, sai dai shi ke tsara ƙa'idojin zaɓen, baƙon da ya ƙare zagayensa a zauren tagulla kuma zai ɗauka cewa abin da ya gani shi ne cikakken hukuncin tarihi.

Abin mamaki, inda alƙaluma suka yi ƙaranci a nan ne gidan ya fi kyautata wa tsaro. Cool Papa Bell da Oscar Charleston, masu tsaron tsakiya na gasannin baƙaƙen fata waɗanda aka shigar a 1974 da 1976, sun yi wasa ne a lokacin da ba a cika rubuta sakamakon wasanninsu ba, saboda haka labarinsu ya dogara a kan shaidar waɗanda suka gan su, shaidun kuwa sauri da kamu suka fi tunawa. Sabon sashen tarihin baƙaƙen fata a besbol, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, ya jingina a kan muryoyin 'yan wasan da kansu, kuma a ganina shi ne samfurin da ya kamata sauran sassa su koya daga gare shi.

Ichiro Suzuki, wanda aka shigar a watan Yulin 2025 da ƙuri'a 393 cikin 394, ya zo da sauƙi ga masu tsara gidan, domin sandarsa da safarsa duka sun yi magana. Ya bar Orix ta Japan ya koma Seattle a 2001 yana da shekara 27, ya yi bugun tsira 262 a 2004 ya karya tarihin George Sisler na 257 da ya tsaya tun 1920, ya tara 3,089 a Amurka bayan 1,278 a gida, ya kuma ci Safar Zinariya goma a jere. A makonninsa na farko, jifa guda daga dama zuwa zango na uku a Oakland, wanda ya fitar da Terrence Long, shi ya sanar da Amurka ko shi wane ne. Tare da shi aka shigar da Dave Parker, wanda ya gaji tsaron dama a Pittsburgh bayan Clemente, amma ya rasu wata guda kafin bikin, bayan ya shafe shekaru da yawa yana jira.

Dole a yaba wa gidan a kan bambancin da ya yi tsakanin zauren gwanaye da ɗakunan tarihi. Barry Bonds, mai tsaron hagu da ya buga homran 762 ya kuma zama gwarzon ɗan wasa sau bakwai, ba shi da allo, domin zargin amfani da magungunan ƙara ƙarfi ya tsayar da shi a kashi 66 a shekararsa ta ƙarshe a takardar zaɓe, 2022. Duk da haka ƙwallon da ya buga ya wuce Aaron tana cikin kayan gidan, ɗauke da alamar tauraro da wanda ya saye ta ya sa aka yi mata don nuna shakku. Wannan gaskiya ce da ba kowane gidan tarihi zai iya haɗiyewa ba. Wanda rashin allonsa ya fi ci mini rai shi ne Curt Flood, mai tsaron tsakiya na St. Louis Cardinals da ya ci Safar Zinariya bakwai. A 1969 aka musanya shi zuwa Philadelphia ya ƙi tafiya, ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba haja ba ne, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta kayar da shi da alƙalai biyar a kan uku a 1972. Sana'arsa ta mutu a kan wannan, amma a 1975 wani mai sasanci ya karya tsarin da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya ɗaya har abada, kuma yau duk wanda ya cika shekara shida a babbar gasa yana da 'yancin sayar da aikinsa inda ya ga dama. Marvin Miller, shugaban ƙungiyar 'yan wasa da ya mara masa baya, an zaɓe shi a 2019. Flood har yanzu yana waje.

Ga mai son ya bi rayuwar ɗan wasa guda daga farko zuwa ƙarshe, dukiyar gidan tana ɗakin karatunsa, inda ake ajiye fayil a kan kowane mutum da ya taɓa buga wasa a babbar gasa, ko da wasa ɗaya ne. Wannan yana da muhimmanci, domin kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai ke samun allo, yawancin masu tsaron bayan fili kuwa rayuwarsu ita ce shekaru a ƙananan gasanni, da 'yan kakanni a matsayin ɗan canji, mai tsaron bayan fili na huɗu, da ake sakawa a turmin ƙarshe don ya riƙe nasara, sannan ƙafa ta yi nauyi a sallame su. Ana neman izinin amfani da ɗakin tun kafin a zo, kuma wanda ya yi hakan zai ci ribar tafiyarsa ninki biyu. Akwai kuma damar da gidan yake da ita yanzu wadda magabata ba su samu ba. Tun 2015 na'urorin Statcast suke auna kowane taku da kowane jifa a dukkan filayen babbar gasa, har an san cewa Aaron Hicks na New York Yankees ya yi jifan da ya kai gudun mil 105.5 a awa a watan Afrilun 2016, ana kuma iya lissafa yiwuwar kama kowace ƙwallo bisa nisa da daƙiƙun da ta yi a sama. Da irin wannan awo za a iya gina ɗaki guda da zai tsayar da baƙo a inda mai tsaron tsakiya yake tsayawa, ya nuna masa cewa takun farko, wanda ake yi da jin ƙarar sanda kafin ido ya tabbatar, shi ke raba gwani da na baya.

Hukuncina shi ne gidan ya cancanci doguwar tafiyar, kuma ga tarihin bugu da tarihin mutanen da suka yi wasan ban san wurin da ya kama ƙafarsa ba, amma wanda ya zo don tsaron bayan fili ya kamata ya kalli tsofaffin hotunan bidiyo na Mays da Clemente da Ichiro tun kafin ya taso, domin kayan da ke akwatuna suna tuna wa wanda ya riga ya sani ne fiye da yadda suke koyar da baƙo. Awa uku zuwa huɗu sun isa zagaye na natsuwa, mai karanta kowane bayani kuwa yini guda ba zai ishe shi ba. Ana buɗewa kullum in ban da ranar bikin godiya ta Amurka da Kirsimeti da ranar sabuwar shekara. A ƙarshen Yuli ake bikin shigar da sababbin gwanaye, a wani buɗaɗɗen fili a gefen gari inda ba a biyan kuɗin shiga, kuma a 2007, shekarar Cal Ripken da mai tsaron dama Tony Gwynn, an ƙiyasta taron ya kai mutum 82,000, a garin da babban titinsa guda ne. Wanda yake son ya tsaya minti goma a gaban safar Mays ba tare da an ture shi ba, ya zo a watan Mayu ko bayan tsakiyar Satumba, a tsakiyar mako, da safe.